Muryar da Ke Cikin Waƙar Sabulun Agwagwa

Aikin farko da aka ba ni a motar talla shi ne zama a kan batir. Ba wasa nake yi ba. Batirin babbar mota ne aka ɗaure da igiya a bayan tsohuwar motarmu, kuma hanyar Salaga zuwa Yendi a wancan zamani ramuka ne kawai aka jera aka ba su suna. In ba a danne batirin ba sai ya yi tsalle, ruwansa ya zube, ƙahon da ke kan rufi ya yi shiru. Ranar da na je neman aiki, maigidana Bukari Mai Ƙaho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Isaka, kanka dai ba shi da nauyi, amma mazaunanka za su yi amfani." A lokacin ni ba yaro ba ne, da gemuna. Na riga na gwada dako, na gwada kanikanci, na gwada tallan maganin ɓera, kowanne ya sallame ni cikin mutunci.

Abin da ya sa na ɗauki biro da wannan hannu nawa da bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba shi ne yaran nan masu karatun aikin jarida. Malaminsu yakan turo su su tambayi tsoffin 'yan talla yadda muke gane ra'ayin masu sauraro. Kwanan baya wata a cikinsu, da waya a hannu, ta ce mini, "Baba, ai aikinku da sauƙi. Ku danna kaset ku zauna." Na ce, "Jikata, dannawa kowa ya iya. Mu kam a kan tsayarwa aka ɗauke mu aiki." Ta rubuta da sauri, tana tsammanin wata hikima na faɗa. Ba hikima ba ce. Labarin yatsana ne.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Mota ɗaya da ba ta tashi sai an tura. Ƙaho biyu a kan rufi, ɗaya na kallon gaba, ɗaya na kallon baya. Rikoda mai bakin kaset guda. Makirfo da muka sa wa safar Maigida saboda iska, ita ce ma ta sa mutane ba sa daɗewa suna magana. Sai wani gwangwanin taba da Maigida ba ya bari ya yi nisa da shi, a ciki akwai reza, da kwalbar jan farce ta liƙa zaren kaset, da 'yan ƙyallayen farin yadi. Zan dawo kan yadin.

Wani kamfani a Kumasi muke wa talla, masu sabulu mai hoton agwagwa a jiki. Waƙar tallan kuwa wata zabiya ce a Salaga ta yi mana da 'yan kiɗan ƙwaryarta. Tana cewa, "Wanke riga, wanke zane, wanke yaro har da kunne," sai kiɗa ya ɗauke, ta ja numfashi, sannan ta kwarara, "Agwagwa!" Ku riƙe wannan jan numfashin. Ɗan shiru ne da bai kai a haɗiye yawu ba, amma shi ya hana ni sakewa wata da watanni.

Gane ra'ayin jama'a, yara, ba a baki ake yinsa ba. In ka tambayi mutum ko talla ta yi daɗi zai ce ta yi, don ka ba shi hanya ya wuce. Maigida ya koya mini kallon kaya a ka. Mace in ta tsaya da tirenta a kai, ba ta saurarenka, jira take ka gama hayaniya. In ta sauke shi ƙasa, ka kama ta. Kowane gari kuma da irin kunnensa. Mutanen Yendi sukan juya maka baya suna ta ciniki, sai ka dawo wani zagaye ka ji yara na rera waƙarka daidai har da jan numfashin. Mutanen Bawku gardama suke yi da ƙaho, kamar wani ne zaune a ciki. Na Salaga kuwa ba ruwansu da sabulu, gyara maka Hausa suke yi. Da kamfani ya aiko mana da talabijin da janareta da bidiyon waƙa, wata budurwa na wanka a bakin teku da kumfa har wuya, mun zaci an gama da kasuwa. A Yendi wani tsoho ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe talabijin ɗin. A Bawku mata suka tsaya suna kallo da baƙin ciki, wata ta ce, "Wannan 'yar waye ke ɓarnar ruwa haka?" Ba wadda ta ga sabulun.

Abin da ke tara mana mutane da gaske dabarar Maigida ce, wato gaisuwa. Duk mutumin zango, wato unguwar baƙi 'yan kasuwa, yana da wani a wani gari. Mai doya na Salaga matarsa na Bawku, mai albasa na Bawku uwarsa na Yendi. Sai Maigida ya riƙa miƙa makirfo kyauta, ka faɗi saƙonka, mu ɗauka a kaset tsakanin waƙar sabulu da waƙar sabulu, mu kai garin da kake so mu sa a ƙaho. In kana son jin muryar ɗanka, dole ka wanke yaro har da kunne tukuna. In an ji gaisuwa a garin da aka aika ta, sai a ɗora sabuwa a kanta, tsohuwar ta tafi.

To amma akwai doka, kuma dokar ce ta sa ake girmama motarmu fiye da darajar ƙarfenta. Kafin mu shiga gari Maigida kan tsaya wurin mai shayin bakin tasha ya tambayi labarin rasuwa. Wani lokaci mutuwa takan riga mu zuwa. Mutum ya yi gaisuwa a Salaga lafiyarsa lau, kafin mu turo motarmu zuwa Bawku labarin rasuwarsa ya iso a babbar mota. Irin wannan murya Maigida ba ya sa ta a ƙaho. Yakan ce bai halatta mamaci ya yi ihu a kasuwa ba. Ba ya kuma ɗora wata a kanta, don a ganinsa take mutum ne. Sai ya buɗe gwangwani, ya jawo zaren kaset da biro, ya yanke daidai wurin da reza, ya naɗe a farin ƙyalle, ya kira dangi a binne a gindin bishiya, a yi addu'a. Kowane gari muna da bishiyarmu. Ta Bawku wata tsamiya ce a bayan kasuwar awaki. Ni ke haƙa ramin. Abin ba shi da nauyi ko na gashin kaza, amma ban taɓa riƙe ƙullin nan hannuna bai yi sanyi ba.

Har jama'a suka saba. In ƙahon Bukari ya sa muryar mutum, mutumin yana raye. In Bukari ya buɗe gwangwani, sai a shimfiɗa tabarmar zaman makoki. Ba mu muka ce a ɗauka haka ba. Haka kawai ya zama.

Gaisuwar da na ɗauka ta ƙarshe a Salaga kafin shekarar tashin hankali ta wani mai doya ce, Tanko. Dogo ne, mai murya kamar ganga, mazaunin Bawku, ya zo sarin doya. Waƙar sabulu ta ƙare ke nan a kan sabon kaset, na miƙa masa makirfo. Ya riƙe shi da hannu biyu ya buɗe baki ya kwaɗa, "Azumi!" har allurar rikoda ta buga bango.

Na ce, "Tanko, a hankali mana. Injin na ji."

Ya ce, "Kai ka san nisan Bawku kuwa?"

Na bar shi ya yi ihunsa. Ya gama, ya ba ni ƙaramar doya ɗaya mai rauni a gefe, ya ce ladan aikina ne. Muka kama hanya.

Mun baro Yendi da nisa, muna hawan tudu wajen Garu, sai motoci suka fara wuce mu da gudu, cike da mata da yara da ƙullin kaya, ba wanda ke ɗaga mana hannu. Da muka isa tashar Bawku mai shayi bai jira tambaya ba. Ya ce faɗa ya ɓarke a ƙasar da muka baro, ƙauyuka na ci da wuta, an rufe hanya. Maigida ya ce, "Wa ya rasu?" Mai shayi ya ce, "Maigida, yau kam ba na da amsar wannan tambaya." Ba zan shiga zancen wa ya fara wa ya biyo ba. Na ci abinci a gidajen kowane ɓangare, kuma kowa ya binne nasa.

Jaridu suka fara isowa daga kudu ta hanyar Bolga. Wani tica kan karanta mana su a teburin mai shayi ya fassara. Ɗaya ta ce arewa duk ta ƙone, ta haɗa mu duka da suna ɗaya kamar ba mu da garuruwa, ta kuma sa hoton wata motar doya da ta ƙone ƙurmus a hanyar Salaga, ta ce ba wanda ya fita. Ɗayar, wadda ba ta son a ce gwamnati ta gaza, ta ce ƙura ta lafa, ciniki ya koma, ta sa hoton mata na dariya a kasuwa. Na duba hoton na ga bishiyar kwakwa a bayansu. Ni dai tun da nake Salaga ban taɓa ganin kwakwa ba sai a faranti. Kowa ya zaɓi jaridar da ta dace da zuciyarsa. Masu ɗan'uwa a can suka riƙe ta kwakwa. Masu son labari suka riƙe ta wuta.

A goshin ƙonanniyar motar ana iya ganin sauran rubutu, "Sai Haƙuri". Mumuni, yayan Tanko, ya ɗauki jaridar ya kai gida, ya ce wannan ita ce motar da ƙaninsa ke yi wa lodi. Uwarsu tsohuwa ta fasa kuka, ta ce a yi wa ɗanta sadaka, kada ya kwanta a daji ba addu'a. Azumi matar Tanko, mai sayar da koko da ƙosai a bakin kasuwa, ta ce ba za ta shiga takaba saboda hoto ba. Ta ce, "Yaya, motoci nawa ne a ƙasar nan masu Sai Haƙuri a goshi?" Aka je wurin liman. Liman ya ce ba gawa, ba shaida, sai a jira. Amma mutane ba liman suke kallo ba. Motarmu suke kallo, don direbobi sun riga sun baza labari cewa muryar Tanko na cikin kaset ɗinmu.

Ranar kasuwa su biyun suka zo tare, suka tsaya a ƙofar mota.

Mumuni ya ce, "Bukari, buɗe gwangwaninka. Tsohuwa ba ta ci ba ta sha. In ka yanke za ta haƙura."

Azumi ta ce, "Baba Bukari, saƙona ne. Ni aka aiko wa. Ka sa mini in ji."

Maigida ya daɗe yana murza hularsa. In ya sa muryar, ya ce wa gari Tanko na raye, alhali bai sani ba. In ya yanke, ya mayar da mace gwauruwa da reza, alhali bai sani ba. Ya ce, "Ni mai tallan sabulu ne, jama'a. Yaushe na zama alƙali?"

Azumi ta ce, "Tun ranar da ka fara binne muryoyi."

Bai sa ba, bai yanke ba. Sauran gaisuwar da ke kan kaset ɗin ma duk ya riƙe su, amma masu su a hankali labarinsu ya iso, wasu da rai wasu babu, aka yi wa kowa abin da ya dace. Ta Tanko kaɗai ta rage.

Ga matsalar. Waƙar sabulu guda ɗaya ce ta rage mana mai kyau, ita ce wadda ke gaban gaisuwar Tanko, manne da ita. Tsoffin kaset duk sun tauna kansu, zabiyar kuma tana can bayan rufaffiyar hanya. Na gwada rera waƙar da bakina a kasuwar Pusiga. Wata tsohuwa ta miƙo mini citta, ta ce Allah ya ba ni lafiya. Wakilin kamfani, wani ɗan kudu mai jaka a hamata, ya ce ko waƙar gaskiya ko ya karɓe ƙaho. Don haka aikina ya koma abu ɗaya. In danna, in bar zabiya ta wanke riga ta wanke zane, ta ja numfashi, ta ce "Agwagwa!", in tsayar nan take kafin Tanko ya buɗe baki. In mayar da zare baya da biro, in sake. Duk ilimina na duniya ya taru a kan yatsa ɗaya.

Lokacin zafi ne, motar kuma kwano ce. Kaset ɗin kan wuni a cikinta kamar ƙosai a mai.

Wata rana da rana tsaka a kasuwar Bawku, zabiya ta ja numfashinta, sai na ji kamar wani abu a cikin shirun. Na ɗauka cikina ne. Na mayar na sake. Yana nan. Can ƙasa, siriri, kamar mutum na kira daga cikin rijiya. Na dubi Maigida, na ga shi ma ya daina tauna goro.

Kasuwar da ta biyo baya ba sai an kasa kunne sosai ba. Kiɗa ya ɗauke, zabiya ta ja numfashi, sai daga ƙaho biyu, gaba da baya, wata murya mai nisa ta ce, "Azumi." Sannan zabiya ta ce, "Agwagwa!" Na tsayar. Ban san lokacin da na sauka daga mota ba, sai ganina na yi a bayan buhunan gero na wani Bamoshe, ina karanta abin da na iya da wanda ban iya ba.

Yatsana bai makara ba, na rantse. Muryar ba a wurinta ta fito ba. Ta baro inda muka ajiye ta ne, ta shigo cikin waƙa.

Muka kai kaset ɗin wurin mai gyaran rediyo a bakin tasha. Ya saurara, ya yi dariya, ya ce ba aljani ba ne. Zare a naɗe yake a kan zare, in zafi ya yi yawa kuma an yi ihu da ƙarfi, sai sautin ya yi naso zuwa zaren da ke kwance a jikinsa, kamar yadda jan zane ke ɓata fari a cikin ruwan wanki. Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Amma da ya miƙo mana kaset ɗin na lura cewa da bakin rigarsa ya riƙo shi.

Bayanin bai yi wa kowa amfani ba. Gari ya kasu biyu kamar jaridun nan. Wasu suka ce Tanko na raye, shi ya sa muryarsa ta ƙi zama. Wasu suka ce ya mutu ba a yi masa salla ba, shi ya sa yake kira. Ban taɓa ganin taro irin na watannin nan ba. Daga Tempane ake zuwa, daga Pusiga, har daga tsallaken iyaka. In na danna kaset, kasuwar Bawku, wadda ko kiran salla sai an yi da gaske ake ji, sai ta yi tsit. Tire duk a ƙasa. Mahauta su ɗaga wuƙa su tsaya. Iyaye su toshe bakin jarirai. Dubban mutane na jiran jan numfashi ɗaya. In muryar ta fito sai ka ji wani irin nishi ya ratsa kasuwa, kamar iska a gonar dawa. Daga nan, ban san dalili ba, sai su sayi sabulu. Wataƙila kunya suke ji su ji abu irin wannan kyauta.

Wakilin kamfani ya zo yana washe baki. Ya ce, "Masta, wannan dabara ya yi kyau ƙwarai. Ka yi irin shi a kowane gari." Maigida ya tofar da goro kusa da takalmin wakilin, kusa sosai.

Azumi ta matso da tukunyar kokonta daidai gaban mota. Ba ta kuka, ba ta magana da mu. In waƙa ta kai wurin, sai ta tsayar da ludayi a sama, koko na ɗiga, har sai ta ji sunanta, sannan ta ci gaba da zubawa. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Mata suka fara ƙin zama kusa da ita, wai matar da mamaci ke kira ba ta daɗewa. Mumuni kuma kullum sai ya zo a kan wani baƙin keke, ya jingina a jikin mota ya ce, "Bukari, ka ji tsoron Allah. Kuna sayar da sabulu da ƙanina." Wannan maganar ta fi duka yi wa Maigida ciwo, don gaskiya ce. Wata safiya na same shi da gwangwani a buɗe, reza a hannu, zare a jawo. Sai ya mayar ya rufe, ya ce, "Isaka, hannuna ya ƙi."

Damina ta kusa, aka ce an buɗe hanya, sojoji na raka motoci. Mutane suka fara dawowa ɗaya ɗaya. Duk wanda ya sauka Azumi na tasha tana tambaya. Ba wanda ya ga Tanko, a raye ko a mace. Tsohuwa ta kwanta ciwo. Maigida ya kira Mumuni da Azumi ya ce kasuwa mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In an tashi zai yanke, mu tafi Salaga a yi sabuwar waƙa. Azumi ta ce, "To," ta ɗauki tukunyarta.

Ranar, kasuwa ta cika har kan katanga. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta tsaya cak. Na zauna a mota, taga a buɗe, na danna. Wanke riga, wanke zane. Kiɗa ya ɗauke. "Azumi." Zabiya ta ce, "Agwagwa!" Na kai yatsa zan tsayar, sai wani hannu ya shigo ta taga ya riƙe wuyan hannuna. Hannu ne busasshe, ƙashi zalla, mai sanyi.

Na ɗaga kai. Wani dogon mutum ne cikin yagaggiyar riga, gemu ya rufe masa fuska, idanu sun faɗa. Bakinsa a rufe gam. Daga kan rufi kuwa, da ƙarfin da ya tayar da ungulu daga kan mahauta, muryarsa ta fashe.

"Azumi! Azumi! Ni ne! Doya ta yi tsada amma na samu. Ki gai da Inna, ki ce na sayo mata man zafi. Ki gaya wa Yaya Mumuni kada ya taɓa mini keke, na san halinsa. Ina nan tafe, kada ki yanka zabon nan sai na zo. Shi ke nan. Kai mai injin, ta ji ni kuwa?"

Mutumin na tsaye, leɓensa bai motsa ba, muryarsa na yawo a kan kasuwa. Mata suka watse da gudu, tumatir da barkono a ƙasa. Ni ban gudu ba, ba don jarumta ba, don yana riƙe da ni. Mumuni na gefe da baƙin keken a hannu, ya sake shi a hankali, kamar ƙarfen ya yi zafi.

Azumi ba ta motsa daga wurin tukunyarta ba. Ta ɗauki kwano, ta zuba koko daga ƙasan tukunya inda ya fi zafi, ta taho ta miƙa masa. Ya sake ni, ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa. Ya ƙone, ya yamutsa fuska, hawaye ya zubo. Sai a lokacin kasuwa ta yi numfashi, don kowa ya san fatalwa ba ta ƙonewa da koko.

Azumi ta ce, "Na ji ka."

Direban da ya kawo shi ne ya ba mu abin da ya sani. Wai a cikin ɗaya daga tsoffin rijiyoyin Salaga ya ɓuya, ciyawa na ci da wuta a samansa. Wasu makiyaya suka ciro shi, suka yi jinyarsa a rugarsu. Ya tashi ba murya. Wasu sun ce hayaƙi ne, wasu sun ce abin da ya gani ne. Mutumin da ba ya magana, ba ya rubutu, wa zai san sunansa balle garinsu? Sai da ya ga motar Bawku ya hau ya ƙi sauka.

Da jama'a suka ragu, Maigida ya fito da kaset ɗin. Bisa doka gaisuwa ta isa, sai a ɗora wata a kanta. Azumi ta ce, "Baba Bukari, a bar mini ita. Ba ni da wata." Tanko ya girgiza kai. Ya miƙa hannu cikin mota, ya ɗauko gwangwanin taba, ya buɗe, ya zaro reza ya sa a tafin Maigida. Azumi ta daɗe tana kallon mijinta, shi ma yana kallonta. Can ta ce, "To. Shi ya dawo, ita ce ba ta dawo ba. A yi mata abin da ake yi wa ta kowa."

Maigida ya yanke, ya naɗe a farin ƙyalle. Muka nufi tsamiyar bayan kasuwar awaki, Tanko a gaba da ƙullin a hannu, Azumi a bayansa, Mumuni na turo keken da ba ya so ya hau. Na ɗauko fartanya, Tanko ya karɓe. Shi ya haƙa, shi ya sa, shi ya rufe. A duk shekarun da na yi a wannan sana'a, ita ce murya ɗaya da mai ita ya raka ta da ƙafarsa. Muna shafa addu'a ruwan farko ya sauko.

Ya yi shekaru bayan haka yana cinikin doya da yatsu, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya taya shi ƙasa ba.

Abin da reza ba ta iya cirewa ba shi ne nason da ke cikin waƙa. In ka yanke shi, ka yanke sunan sabulu. Zabiyar kuma da muka isa Salaga ba mu same ta ba, ba mu sami wanda ya san inda ta yi ba. Don haka da waƙar nan muka ci gaba da yawo har zaren ya gaji. A Bawku, Azumi ba ta daina tsayar da ludayi ba, Tanko na zaune kusa da ita kansa a ƙasa. A sauran garuruwa kuwa ba wanda ya san labarin. Amma kun san yawan matan da aka haifa cikin watan azumi. A Yendi, a Salaga, a kowace ƙaramar kasuwar hanya, in kiɗa ya ɗauke zabiya ta ja numfashi, sai in ga can cikin taro wata mace ta waiwaya, tirenta a kai, tana neman wanda ya kira ta.